Hoto na Uku

A Bilbis, cikin ɗakin da ba a kwana tun rasuwar Baba,
akwai adaka mai kwaɗo biyu.
Na buɗe ta ran Laraba ina neman takardar gona,
sai na tarar da mujalla, fitowa sittin da huɗu,
an ɗaure su goma-goma da igiyar kaba.

Ta farko ba ta kai kaurin tabarma ba.
Faransanci ne, tawada ta yi ja,
sunaye bakwai a bango, duka na Nasara.
Can ƙasa, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
an gode wa wani ma'aikaci ɗan ƙasa.
Ma'aikacin nan shi ne Nomau,
wanda ya shiga tabkin Tabalak har cinya
yana tsintar katantanwa da ludayin miya
har fitsarinsa ya ɗauki launin zoɓo.
Shi ya kwaso cutar, su suka kwashi suna.

Hoto na uku, fitowa ta tara:
ƙafa ce kawai, daga ƙauri zuwa diddige,
kurkunu fari yana fita, an naɗe shi a tsinke.
An rubuta a ƙasa: mace, shekara kamar talatin.
Na san ƙafar.
Yatsan tsakiya ya hau maƙwabcinsa,
ga tabon da lauje ya bari.
Inna Tasalla ce. Damina biyu ba ta taka gona ba,
da jan gindi take zuwa madafa,
ƙafarta kuwa ta je Dakar, ta je Faris,
ta shiga hannun mutanen da ba su san ɗanɗanon ruwan tabki ba.
Ita ko Ƙonni ba ta taɓa gani ba.

A fitowa ta talatin da ɗaya sunaye suka fara sauyawa.
Arzika. Maidaji. Wata Baraka Illo
da ta ƙirga sauro dubu huɗu a damina guda.
Baba ya ja layi da jan biro ƙarƙashin kowanensu,
shi da bai wuce aji huɗu a lakwal ba.
Nasa ba a taɓa bugawa ba,
sai ya rubuta da kansa a gefen shafin farko: Nomau, Tawa.

Shekarar da sefa ta karye, mujalla ta rame,
aka cusa fitowa biyu cikin riga ɗaya,
takarda ta koma irin ta naɗe kilishi.
Sai shiru, shekara uku. Sai ga ta kuma.
Kurkunu yana ta ja da baya a cikinta,
daga babi zuwa shafi, daga shafi zuwa layi,
har ya zama sifili a kusurwar jadawali.
Masassara kam tana nan, kowace fitowa da kujerarta,
baƙuwar da ta san inda ake ɓoye makulli.

Gara ta shigo ta ƙasan adaka.
Ta cinye tsargiya, ta ci rabin sammore,
ta bar hanyoyi masu lanƙwasa a takarda
irin waɗanda tsutsa ke bari a fata.
Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin.

Ɗiyata Zuwera tana karatun likita a Yamai.
Ta ce, Mama, ai duk suna cikin waya yanzu.
Ta nuna mini ƙafar Inna a gilashi,
ta buɗa ta da yatsa biyu har tabon ya cika fuskar wayar.
Na ce ta rubuta musu, ta faɗa musu ko wace ce.
Ta ce masu bugun farko duk sun riga mu gidan gaskiya.

Jan biron Baba ya bushe.
Na hura masa, na goga shi a tafi, ya ƙi.
Na ari na Zuwera, shuɗi,
na rubuta a ƙasan hoton:
Tasalla ɗiyar Gado, gwanar dama fura,
ta warke, ta yi shekara tamanin da biyu.

Takardar gonar kuwa har yau ban gan ta ba.